Tsohon da Ba a Durƙusa Masa

Hulme, Manchester
9 ga Oktoba

Kawu Tijani, wai a ƙasar nan gaisuwa laifi ce?

Ka gafarce ni, na fara da tambaya ban yi sallama ba, abin ne ya tsaya mini a wuya. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi, yaya ƙafa? Yaya Inna Sherifatu da Safia da yaranta? Ni ne Musbahu ɗan Radiyya ta Aboabo a Kumasi, wadda kakanku ɗaya da ita. Ba ka taɓa ganina ba sai a hoto. Na kira waya sau biyu, Safia ta ce kunnenka ba ya jin waya yanzu, in rubuto a takarda. To ga shi. Rubutuna ba kyau, a aji huɗu na tsaya, daga nan gareji na shiga. Ko jarrabawar Turancin da ta kawo ni nan sai a karo na uku na haye, shi ma da ƙyar.

Lafiyata ƙalau, sai mura. Ina zaune a wani gida mu biyar, kowa da ɗakinsa. Aikin care nake yi, wato duba tsofaffi a gidajensu, wanka da sa kaya da ba da magani. Wata agency ce, kamfanin samar da ma'aikata, ta kawo ni, bizata a hannunsu take. Ina cikin probation, wato gwajin aiki na wata uku, yanzu na yi sati biyar. Sun ce in na wuce shi ke nan na zauna, in ban wuce ba sai dai in nemi wasu ko in koma gida.

Tsofaffi uku nake zagawa kullum. Biyu ba matsala, ɗaya ma kullum sai ta cusa mini biskit a aljihu. Na ukun ne. Wani tsoho ne Ba'amurke, shi kaɗai a flat. Ba zan faɗi sunansa ba, manaja ta ce sunan client sirri ne, ga shi kuma ya girmi babana.

Ranar farko na shiga na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mana a gida, kaina a ƙasa. Na ce good morning sir. Sai na ji murya kamar an buga ganga, wai get up. Na tashi. Ya ce in dube shi in yana magana. Kawu, yaya zan zuba wa mai shekara saba'in da biyar ido? Sai na dubi maɓallin rigarsa. Ya ce ba maɓalli ke magana ba. Na ce sorry sir. Ya ce shi ba sir ɗin kowa ba ne.

Tun ranar haka muke. In na miƙa masa shayi da hannu biyu na ɗan rusuna, sai ya kau da kai, shayin ya huce a tebur. Amma wata mata da take zuwa masa ran Lahadi, ba ta ko gaishe shi, ihu take masa daga kicin, ita kuma dariya suke tare. Ni da nake girmama shi ni ne abin ƙi.

Me nake yi ba daidai ba? Mama ta ce duk abin da ya ɗaure mini kai a Ingila kai zan tambaya, tun ba a haife ta ba kake nan, in ji ta, ko da yake na san ta ƙara gishiri.

Ɗanka,
Musbahu

Sparkbrook, Birmingham
14 ga Oktoba

Musbahu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, na karanta sau biyu, na biyun don in gane rubutun. Ƙafa da sauƙi in ba a yi ruwa ba, wato ba sauƙi ke nan. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka sha citta da lemon tsami. Ka gaya wa uwarka tana rarrafe na bar Kumasi, kada ta mai da ni sa'an Annabi Nuhu.

Maganar tsohonka, kwantar da hankalinka. Turawan nan na san su kamar yunwar cikina. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a kan Stratford Road, babu irin wanda ban ɗauka ba. Tsohon Bature in ya ga baƙi a ɗakinsa, ransa a ɓace yake tun kafin ka buɗe baki, balle Baturen Amurka. Wannan da yake cewa kada ka ce masa sir, gwada ka yake yi. So yake ka ɗaga kai ka yi masa kallon sa'a, gobe ya kira ofis ya ce ba ka da kunya.

Kada ka ba shi wannan ƙofar. Ka ƙara ladabi a kan ladabi. In ya yi faɗa ka yi shiru, in ya ƙara ka ƙara sunkuyawa. Ni da haka na yi aikina, ban taɓa rasa shi ko na kwana ɗaya ba, na auri Innarka, na sayi gidan nan, na aurar da 'ya'ya uku. Wata uku ba shekara uku ba ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi tsawonka na nan.

Ka sayi safa mai kauri, sanyin gaske bai zo ba tukuna.

Kawunka,
Tijani

Hulme
20 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da Inna da kowa. Murar ta tafi, na gode wa Inna. Amma Kawu, ta ɓaci.

Na yi yadda ka ce. Kwana biyu ina ƙara ladabi, shi kuma yana ƙara tsuke fuska. Har ya daina yi mini magana, sai nuni da sanda.

Ran Laraba bayansa ya riƙe. Akwai wata safa da GP, wato likitansa, ya ce ya riƙa sawa saboda kumburin ƙafa, da takalmansa, waɗanda ban taɓa ganin irinsu ba, kowane ɗaya jariri zai kwanta a ciki. Kullum shi yake sa abinsa, yana nishi, ba ya bari in taɓa. Ranar ya kasa. Na ga yana miƙa hannu bai kai ba. Sai na ce a raina yau ranar samun lada ce. Na zube gwiwa biyu a gabansa, na ɗauki ƙafarsa da hannu biyu, kaina a ƙasa, na ce sorry master, let me do it. Ka san a Kumasi ko direban trotro, motar haya, master muke ce masa.

Kawu, mutumin da ba ya tashi sai da sanda ya miƙe tsaye ba sanda. Kansa ya kusa taɓa fitilar silin. Na saci kallo sai na ga hawaye a kumatunsa. Ya nuna ƙofa ya ce out. Na ce maganin rana fa? Ya ce out. Na fita na zauna a matakala minti arba'in, don in na bar wurin kafin lokaci waya za ta nuna wa ofis.

Jiya manaja ta kira ni. Ashe matar nan mai zuwa ran Lahadi 'yar tsohon ce, Virtue sunanta, tana aiki a Leeds, ita ta kai complaint, wato ƙarata. Wai duk ranar da na je babanta ba ya cin abinci, kuma ya ƙi gaya mata dalili. Manaja ta tambaye ni ko na zage shi, ko na ture shi. Na ce wallahi ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Ta rubuta wannan a takarda, ban san ko taimakona ya yi ko kashe ni ya yi ba. An cire ni daga gidansa. Za a yi meeting ran Juma'a uku ga Nuwamba a flat ɗinsa, ni da manaja da shi da 'yar. In complaint ya tsaya, probation ta faɗi.

Akwai abu ɗaya a takardarka da ban gane ba. Ka yi ta cewa Bature. Ba Bature ba ne, Kawu. Baƙi ne, ya ma fi ni baƙi. Shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Da Bature ne sai in ce ai dama. Amma mutum mai kama da kakana a fuska?

Tunda korata za a yi bari in faɗi sunan, Allah ya yafe mini. Samuel Pettway. Ina jin ɗan ƙwallon kwando ne a da. Bangonsa duk hotuna, yana saurayi da gashi kamar tukunya da ɗan guntun wando, yana tashi sama kamar an jefa shi. Akwai kofuna a kan talabijin, a cikin ɗaya yake ajiye makullai.

Ban gaya wa Mama ba. Ta riga ta gaya wa duk Aboabo ɗanta ma'aikacin lafiya ne a Ingila. Me zan ce a meeting? Ka rubuto da wuri don Allah.

Musbahu

Hulme
28 ga Oktoba

Kawu,

Sallama da gaisuwa. Kwana takwas ke nan ina duba ƙofa, ba komai sai takardun tallar pizza. Ko fushi ka yi da ni don na ce ka yi kuskure a kan Bature? Wallahi ba gyara maka magana nake ba, ban isa ba. Ko don na faɗi sunan mutum ne bayan an hana ni? In na yi laifi ka yafe.

Choji, wani ɗan Jos da muke gida ɗaya, yana karatu a jami'a, ya nemo mini sunan a waya. Ashe babban mutum ne. Akwai hotonsa da yara sun fi ɗari a wani fili a unguwar Moss Side, nan Manchester, akwai inda aka rubuta yawan ƙwallon da ya ci shekara da shekara. Amma wayar ba ta faɗi abin da na yi masa ba.

Choji ya ce in je meeting in ce ina da haƙƙi, in nemi union, ƙungiyar ma'aikata. Ni ban san inda union take ba. Abin da na shirya shi ne in na shiga in kwanta flat a ƙasa gabansa in kama ƙafarsa in roƙe shi, kamar yadda ake yi wa uba in an yi babban laifi. Ban san abin da ya wuce wannan ba. In ban ji daga gare ka ba haka zan yi.

Saura kwana shida.

Musbahu

Sparkbrook
1 ga Nuwamba

Musbahu,

KADA KA KWANTA. Na fara da wannan ko da ba ka karanta sauran ba.

Wa alaikumus salam. Ba fushi na yi ba, ɗana. Aikin ido aka yi mini, yanar da ta rufe na dama aka cire, kwana goma an hana ni karatu. Takardunka biyu suna kan firij. Na sa Safia ta karanta mini, ta yi layi biyu kamar mai tauna tsakuwa, ta ce Dad I can't. Haihuwar nan ce, Hausarta ta cin abinci ce kawai. Yau da safe na cire bandeji na karanta da kaina. Da na zo kan sunan sai da na ajiye takardar na nemi kujera. Safia za ta ɗauki hoton wannan ta turo maka a waya, ba zan amince wa gidan waya ba.

Laifina ne. Ka ce Ba'amurke, ni kuma na zana Bature a kaina, na ba ka maganin wata cuta daban.

Rimi muke ce masa saboda tsawonsa, mu 'yan zango da ke nan a lokacin. Bari in gaya maka abin da na sani, wani na gani da idona, wani a bakin 'yan Jamaica abokan aikina na ji. A kudancin Amurka aka haife shi, lokacin da baƙi ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da Bature. A can in Bature yana maka magana ƙasa za ka duba. In ka dube shi a ido ana iya zuwa gidanku a ƙone. Ba ladabi ba ne irin namu, Musbahu, doka ce ta tsoro, kuma kakanninsa da aka saya aka sayar, master suke ce wa mai su. Ka gane yanzu abin da ya ji daga bakinka?

Ya yi suna a ƙwallo tun yana makaranta, har ana cewa manyan kulob na jiransa. Sai wata rana suka je wasa wani gari, aka kai 'yan wasa gidan abinci, aka ce fararen su zauna, baƙaƙen uku su karɓa ta ƙofar baya. Da aka zo wasa ya fito da kayansa ya zauna a tsakiyar fili ya ƙi tashi. Sauran biyun suka zauna tare da shi. Daga ranar babu kulob ɗin da ya sake neman sa a ƙasarsu. Shi ya sa ya ƙare a Manchester, inda ƙwallon kwando ba ta da wata daraja, yana wasa da yamma yana koyar da yara da rana.

A 1978 suka zo wasa Birmingham. Wani kwandasta ɗan Jamaica ya ja ni, ni ko dokar wasan ban sani ba. Mu baƙaƙe muna can gefe ɗaya, ba mu kai talatin ba. Duk lokacin da ya taɓa ƙwallo sai wasu su fara kukan biri. Mun saba, a bas ma ana yi mana. Can sai wani ya jefo ayaba, ta faɗi gabansa. Ya tsaya. Ya sa ƙwallo a hammata. Alƙalin wasa yana busa usur, bai ko juya ba. Ya taka ya hau matakalar 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya har gaban mutumin. Muka ce shi ke nan, zai kashe shi, 'yan sanda su kwashe mu duka. Bai ɗaga hannu ba. Kallonsa kawai ya yi. Wurin ya yi tsit, kana jin ƙarar fitila. Mutumin ya yi dariya, ya duba hagu ya duba dama, abokansa duk sun sami abin kallo a takalmansu. Ƙarshe ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Rimi ya sauko ya ci maki arba'in da ɗaya.

Na fito ranar ƙirjina kamar zai fashe. Na rantse gobe in sufeton bas ɗinmu ya kira ni da sunan rainin da yake kirana da shi, zan dube shi haka. Gobe ta yi, ya kira ni, na ce yes sir, na dubi ƙasa. Innarka tana da cikin fari. Haka na yi ta yi har na yi ritaya. Ban ce na yi kuskure ba, 'ya'yana sun ci sun yi karatu. Amma shawarar da na ba ka ta rayuwata ce, ba ta dace da ɗakin wannan mutumin ba. Shi duk abin da ya rasa a duniya ya rasa ne don kada wani baƙi ya sake durƙusawa. Sai ga ka da safe, kullum, a kan kafet ɗinsa.

Ran Juma'a ka shiga a tsaye. Ka dube shi a ido, ko zuciyarka za ta fito. Kada ka ba da haƙuri da yawa. Ka gaya masa abin da durƙuso yake nufi a gidanku, da Turancinka yadda yake, shi ba malamin makaranta ba ne. In ya ƙi, ya ƙi, ka taho Birmingham akwai ɗaki, mu nemi wata hanya. Ba za ka koma Kumasi a kan gaisuwa ba ina raye.

Idon ya fara ruwa, Innarka tana hararata.

Kawunka,
Tijani

Hulme
4 ga Nuwamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ban san ta inda zan fara ba. Yaya ido? Allah ya ƙara sauƙi, ka gaida Inna, ka ce wa Safia na gode, hoton ya fito sarai. Na karanta a bas, na wuce inda zan sauka da tasha uku.

Ba a kore ni ba. Bari in faɗa tun yanzu kada ka wahalar da ido kana nema.

Jiya ƙarfe goma na isa. Manaja tana zaune da laptop, Virtue tana tsaye jikin taga ta harɗe hannu, doguwa ce ita ma. Shi yana kujerarsa. Kawu, ina shiga gwiwata ta fara lanƙwasa da kanta, ba ni na sa ta ba. Sai na kama ƙyauren ƙofa na riƙe da ƙarfi. Na ɗaga kai. Na wuce maɓalli, na wuce gemu, na kai ido. Wallahi ɗaga injin mota ya fi sauƙi. Gumi ya jiƙa mini riga a cikin wannan sanyin. Ji nake kamar Mama tana bayana za ta make ni a ƙeya.

Na ce good morning. Ban sa komai a bayansa ba.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ashe kana da idanu."

Manaja ta fara karanta complaint, na ce please, ina son in yi magana. Na haɗa Turancin da nake da shi. Na ce a garinmu muna sauka ƙasa ga tsoho don shi ya ɗauke mu lokacin da ba mu iya tafiya. Na ce ba tsoro ba ne. Ina yi wa mamana, ina yi wa mai sayar da goro a bakin masallaci wanda ba shi da ko takalmi. Ba na yi wa mai kuɗi in yaro ne. Na ce ban taɓa durƙusa wa Bature ba tunda na zo, ko tsohuwar da take ba ni biskit rusunawa kawai nake mata. Kai na yi wa har ƙasa don ka yi kama da kakana.

Virtue ta sauke hannunta. Sai na ce kawuna ya gan ka a Birmingham a 1978, ranar ayaba. Kawun nawa ya ce ka ci maki arba'in da ɗaya.

Tsohon ya ce, "Arba'in da uku. Ka gaya wa kawunka ko ya fita da wuri, ko tun lokacin idonsa ke buƙatar aiki."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Na ce ai satin jiya aka yi masa aikin. Ya ce an makara da shekara arba'in da biyar.

Daga nan ya ce in jawo kujera. Na zauna, kanmu kusan daidai. Ya yi magana a hankali don in gane, inda na ɓace Virtue ta maimaita mini. Ya ce babansa kafinta ne, ya fi shi tsawo, a coci in ya yi waƙa tagogi na rawa. Yana yaro bai taɓa ganin tsakiyar kan babansa ba, don ya yi masa nisa. Yana shekara tara suka je kanti sayen ƙusa. Ɗan mai kantin, yaro ɗan sha biyu, ya kira baban da boy, ya ce igiyar takalminsa ta kwance, ya ɗaure masa. Baban ya cire hula, ya durƙusa, ya ɗaure. Ya ce ranar ya fara ganin tsakiyar kan babansa, ashe har ya fara sanƙo. Suka koma gida, har baban ya mutu ba su taɓa tayar da zancen ba.

Ya ce, "Waccan Larabar na duba ƙasa, sai na ga tsakiyar kanka."

Virtue ta ce, "Daddy, ba ka taɓa gaya mini ba." Ya ce ai ba labarin da ake gaya wa 'ya ba ne. Ta shiga kicin ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Manaja, baiwar Allah, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi tari ta ce to yanzu complaint ɗin fa, a bar shi ko a janye, don akwai akwati biyu a form dole ta cika ɗaya. Ya ce shi bai taɓa kai ƙarar this man ba. This man ya ce, Kawu, yana nuna ni da hannu a buɗe. Ya ce a mayar masa da ni, waɗanda aka turo a madadina ba su iya shayi ba. Na ce ai ba ka taɓa shan nawa ba. Ya ce yana jin ƙamshinsa yana hucewa, ransa na ƙuna. Virtue ta fito ta ba ni hannu ta ce ta yi sorry. Na ce ba komai, 'ya ce, ko ni ne haka zan yi.

Amma fa an yi ciniki kafin a tashi. Ya ce in kira shi Sam. Na ce wannan kam ko za a kore ni ba zan iya ba, harshena ba zai ɗauka ba. Ya ce Samuel. Na ce duk ɗaya. Muka yi ta ja har manaja ta duba agogo. Virtue ce ta raba, ta ce duk Moss Side Coach suke ce masa. Na gwada, Koci, ya fita lafiya. Maganar takalmi kuma, kujera biyu za mu riƙa sawa fuska da fuska, ya ɗora ƙafarsa a cinyata in sa masa. Mun gwada a gaban manaja, ta rubuta a care plan, takardar yadda ake kula da shi. Ƙafar nauyi kamar gearbox.

Da zan fita ya tambaye ni ko mamana na raye. Na ce tana nan. Ya ce in na koma zan durƙusa mata? Na ce dole. Sai ya ce kada in daina. Ya ce da ya san akwai inda ake yi don so, da ya so ya yi wa babansa sau ɗaya.

Na fito na sayi chips na zauna a tashar bas na cinye tas, rabona da jin ɗanɗanon abinci tun sati biyu. Na kira Mama, ban gaya mata komai ba, na dai ce ta sa mini albarka. Ta ce me ka yi? Na ce ba komai. Ta ce ƙarya kake, amma Allah ya yi maka albarka.

Kawu, kada ka ce laifinka ne. Kuma abin da ka rubuta a kan sufeto, ban gaya wa kowa ba, ba zan gaya ba. Ni dai na san gidanka da Mama ta ce in nufa in na rasa wurin kwana, da wannan sunkuyon aka saye shi. In na sami hutu a Disamba zan zo, kuma kai zan durƙusa maka har ƙasa, ko ka so ko ka ƙi. Koci ya ce in taho masa da kai wata rana ku yi musun maki biyun nan baki da baki.

Zan tsaya nan. Yau Asabar, an ƙara mini shift, ni zan tura Koci a kujera mai taya zuwa inda yara ke wasa ƙarfe biyu. Ya ce in na makara da minti ɗaya sai na zagaya filin sau goma a guje a gaban yaran, kuma Virtue ta ce ba wasa yake ba, ya taɓa sa wani kansila ya yi. Ɗaya da kwata yanzu, ban ko sa takalmi ba. Sai na tafi.

Ɗanka,
Musbahu